Me Ya Haɗa Yaƙi da Magani a Hannun Sekhmet?

Cikin ɗaruruwan ababen bautar da mutanen tsohuwar Masar suka ƙaga wa kansu, da wuya a sami wadda suka ji tsoro kamar Sekhmet. Sun siffanta ta da jikin mace da kan zakanya, faifan rana a bisa kanta, gamsheƙa ta fasa kai a goshinta, ga doguwar riga mai kama jiki wadda sau da yawa ja ce wur. Idan Fir'auna zai fita yaƙi, ita yake cewa tana gefensa. Idan annoba ta faɗo gari, cewa ake yi 'yan aikenta ne suka fito. Amma kuma a takardun likitancin Misirawan, waɗanda ke cikin mafi tsufa a duniya, masu yi mata hidima a jere suke da likitoci, kafaɗa da kafaɗa.

Wanda ya ji wannan a taƙaice zai ɗauka hali biyu gare ta, ɗaya na mugunta, ɗaya na tausayi. A ganina hali ɗaya ne tak. Misirawa ba su ɗauke ta mai tausayi ba. Sun ɗauke ta mai riƙe da akalar cuta, don haka wajenta ake zuwa a roƙi ta janye hannu. Duk sauran al'amarinta daga nan ya taso.

Babban mazauninta Memfis ne, tsohon babban birnin ƙasar, wanda kufansa yake kusa da ƙauyen Mit Rahina, kimanin kilomita 20 kudu da Alƙahira. A can ana ɗaukarta matar Ptah, abin bautar masu sassaƙa da ƙira, ɗansu kuma Nefertem, mai alamar furen bado. Sunanta ya riga ya bayyana a rubuce-rubucen da aka sassaƙa cikin dalar sarakuna sama da shekara 2,300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ake cewa ita ta ɗauki cikin sarki. Amma matsayin da ya fi bayyana ta shi ne na 'yar Ra, abin bautar rana, kuma idonsa. A tunaninsu, idon Ra aba ce mai rai wadda yake iya cirewa ya aika ta aiki, ta je ta dawo. Sekhmet ita ce wannan idon idan ya fusata, wato zafin rana a lokacin da ya daina raya shuka ya koma ƙona ta.

Labarin da aka fi saninta da shi an same shi a rubuce a kaburburan sarakuna a Kwarin Sarakuna da ke Luksor: wani ɓangare a jikin ɗaya daga cikin akwatunan katako masu rufin zinariya da suka lulluɓe gawar Tutankhamun, cikakke kuma a kabarin Seti na ɗaya, da na wasu sarakunan da suka biyo bayansa. Ra ya tsufa yana mulkin mutane da ababen bauta tare. Ƙasusuwansa sun zama azurfa, namansa zinariya, gashinsa shuɗin dutse. Ganin tsufa ya kama shi, sai mutane suka fara ƙulla masa makirci. Ya tara majalisarsa a asirce don kada labari ya fita, aka ba shi shawara ya aika idonsa. Idon ya sauka da siffar abar bauta Hathor, ya bi mutanen da suka tsere hamada ya karkashe su. Ta dawo ta gaya wa ubanta ta ci galaba a kan mutane, kuma abin ya yi wa zuciyarta daɗi. A wannan gaɓar ce labarin ya ce Sekhmet ta samu.

Sai Ra ya ga abin ya isa haka, yana son ya tsirar da sauran. Ita kuwa ta ɗanɗana jini, gari kawai take jira ya waye ta ƙarasa aiki. Cikin dare ya tura 'yan aike masu gudun tsiya zuwa tsibirin Elefantin, can kudu wajen Aswan, suka ɗebo jar ƙasa. Aka niƙa ta a Heliyofolis, birnin Ra, kuyangi suka murƙushe sha'ir suka dafa giya, aka gauraya har ta koma kamar jinin mutum. Tulu 7,000 aka cika. Kafin asuba aka malala ta a filayen da za ta bi, ta kwanta har zurfin tafin hannu uku. Da safe ta iso, ta ga fuskarta a ciki, ta sha, ta bugu, ta koma gida ba ta ko gane mutane ba. Ra ya ba da umarni a riƙa dafa mata abin maye a bukukuwan shekara. Shi kuma ya ce ya gaji da zama cikin mutane, ya hau bayan wata saniya, wato Nut, abar bautar sararin sama, ta ɗaga shi sama.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a nan shi ne abin da Ra bai yi ba. Bai ce mata ta tsaya ba. Shi ne sarki, shi ne uba, shi ya aike ta, amma da ya so dakatar da ita sai da ya koma ga dabara cikin dare. Mutanen da suka rubuta wannan a kabarin sarakunansu sun san sojoji, sun san abin da ke faruwa idan an saki runduna a kan gari. Kuma ba a kashe Sekhmet ba, ba a ɗaure ta ba, ba ta tuba ba. An dai shagaltar da ita ne na wannan karon. Shi ya sa dole a maimaita lallashin kowace shekara. Haka nan labarin bai ɗauke ta 'yar tawaye ba. Mutane ne suka yi tawaye, ita hukuma ce. Fushinta a gefen tsari da doka yake, abin da suke kira Ma'at, sai dai ba shi da linzami.

Jar giyar da ta kwanta a filaye ba daga sama marubucin ya tsinto ta ba. Kafin a kammala babbar madatsar ruwan Aswan a 1970, kogin Nilu yakan cika ya tumbatsa kowace shekara daga wajen watan Yuli, ruwan ya yi ja-ja saboda lakar da ya kwaso daga tsaunukan Habasha, ya shanye gonaki. Watannin da ke gabanin wannan cikar su ne mafi muni a shekara. Kogi ya janye ya bar kududdufai, rumbu ya yi ƙasa, iska mai zafi da ƙura tana busowa daga hamada, jikin mutane da dabbobi ya yi laushi. A nan cuta ke samun ƙofa. Masana da dama suna karanta labarin a kan haka: rana ta yi ta kisa, sai jan ruwa ya zo ya kwantar da ita.

Cututtukan kuwa na gaske ne, gawarwakin da suka adana sun nuna. A 1910 Marc Armand Ruffer ya gano ƙwayayen tsutsar tsargiya a ƙodar wasu busassun gawarwaki masu shekara kusan 3,000. Binciken ƙwayar halitta da aka wallafa a 2010 ya sami alamar zazzaɓin cizon sauro mafi tsanani a jikin Tutankhamun. Fuskar Ramses na biyar tana ɗauke da ƙurajen da suka yi kama da na agana. Misirawa suna da suna na musamman ga cutar da ke zagayowa, suna ce mata annobar shekara, kuma Sekhmet ce uwargijiyarta. Suna cewa tana da kibau bakwai, tana da 'yan aike masu yanka waɗanda take saki su bi iska.

Kalandarsu ma ta ware wa wannan tsoro wuri. Wata 12 ne, kowane kwana 30, jimla 360, sai a ƙara kwana biyar a ƙarshe waɗanda ba sa cikin kowane wata. A waɗannan kwanaki biyar ake cewa an haifi ababen bauta Osiris, Horus, Set, Isis da Neftis, kuma a cikinsu ake jin duniya ba ta da murfi, 'yan aiken Sekhmet suna yawo yadda suka ga dama. Akwai karatun da ake yi a ranar ƙarshe ta shekara a kan ƙyallen lilin da aka zana ababen bauta a jiki, a ƙuƙƙulla shi a rataya wa mutum a wuya. A sabuwar shekara kuma mutane kan yi wa juna kyautar ƙananan layu masu siffarta ko ta Bastet, abar bauta mai siffar kyanwa. (Da yake ba su ƙara kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu, kalandar takan zame daga yanayin gaske a hankali, sai bayan shekara 1,460 su sake haɗuwa. Wannan bai hana tsoron kwanakin biyar zama daram ba.)

Yanzu a dubi yadda tunanin yake tafiya. Idan cuta kibiya ce da aka harbo, to mara lafiya wanda aka kai wa hari ne, jinya kuma yaƙi ce. Wa za a kira? Wanda ya san mai bakan, ya san sunayenta, ya san abin da ke sanyaya ta. Masu yi wa Sekhmet hidima, waɗanda ake kira wab, wato masu tsarki, ta wannan ƙofar suka shiga aikin lafiya. Sai dai wanda aka daɗe ana kira kan gadon mara lafiya, ko da karatu kawai ya zo yi, ba zai rasa koyon wani abu da idonsa da hannunsa ba.

Shaidar tana cikin takardu biyu da suka shahara. Ta farko ita ce wadda ake kira da sunan Ebers, doguwar naɗaɗɗiyar takarda mai tsawon mita 20, ta wajen shekara 1550 kafin miladiyya, tana jami'ar Leipzig a Jamus. A sashen da ya yi magana kan zuciya da jijiyoyi ta ambaci mutum uku da ke ɗora hannu a kan mara lafiya: likita, da wab na Sekhmet, da mai tsari. Ta ce duk wanda a cikinsu ya sa yatsunsa a ka, ko a ƙeya, ko a hannu, ko a ƙafa, zuciya yake aunawa, domin tana magana ta cikin jijiyoyin kowace gaɓa. Wato sun gane bugun jijiya daga zuciya yake. Ta biyu ita ce ta Edwin Smith, ta wajen 1600 kafin miladiyya, tana New York. Ita ma ta ambaci wab na Sekhmet tare da likita a wajen auna bugun jijiya. Raunuka 48 ta jera daga ƙoƙon kai zuwa ƙasa: fashewar kai, karayar hanci, gocewar muƙamuƙi, karayar ƙashin wuya. Kowane rauni da yadda za a duba shi, da hukuncin da mai dubawa zai yanke, ɗaya daga cikin uku: ciwon da zan yi magani, ciwon da zan yi kokawa da shi, ciwon da ba a yi masa magani. Ana ɗinke rauni, a ɗaura ɗanyen nama a ranar farko, daga nan a koma ga zuma da mai da zaren lilin. Yadda ta bayyana mayar da muƙamuƙin da ya goce, da manyan yatsu biyu a cikin baki, bai yi nisa da yadda ake yi yau ba. Irin waɗannan raunuka a fagen fama da wuraren gini aka fi samunsu, kuma nan ma ga yaƙi da magani a wuri guda.

Juya bayan wannan takardar sai ka tarar da wata duniya. Karatuttukan tsari ne guda takwas na korar annobar shekara, sunan Sekhmet da 'yan aikenta yana ta fitowa. Mutum zai iya cewa ga kimiyya a gaba, ga camfi a baya. Amma a lura da abin da karatun ke tsoro: iskar da ke ɗauke da cuta, ƙudan da ya faɗa wa mutum a baki, abinci, shimfiɗar kwanciya. Akwai wanda ake yi ana zagaya gida da sanda a hannu, akwai na tsarkake abin ci da wurin kwana. Ba su san ƙwayar cuta ba, amma sun lura da hanyoyin da take bi. Raunin da ido ke gani suna yi masa aikin hannu, annobar da ba a ganin mai kawo ta suna fuskantarta da karatu, kuma mutum ɗaya kan iya yin duka biyun ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba.

Aikinsu har ya kai ga dabbobi. A zane-zanen kaburburan Saƙƙara, maƙabartar Memfis, ana ganin mai tsarki, wanda kuma likita ne, tsaye a kan mahauta, an miƙa masa hannu da jinin sa yana sansanawa kafin ya ce naman tsarkakakke ne. A ma'adinan farin dutse na Hatnub wani wab na Sekhmet ya bar rubutu yana alfahari da cewa ya san shanu. Manufar farko ita ce kada a kai wa abin bauta hadaya mai aibi, amma naman daga baya cikin mutane yake ƙarewa.

Ɓangaren yaƙin bai buƙatar dogon bayani, domin a fili yake. A wani tsohon labari na zamanin Senusret na ɗaya an ce tsoron sarki ya cika ƙasashe kamar tsoron Sekhmet a shekarar annoba. Wata koyarwar biyayya ga sarauta ta ce sarki Bastet ne mai kare ƙasa, kuma Sekhmet ne ga wanda ya ƙetare umarninsa. Bayan yaƙin Kadesh da Hittiyawa, mutanen yankin da yake Turkiyya a yau, wajen 1274 kafin miladiyya, Ramses na biyu ya sa an rubuta a bangon haikalai cewa abokan gaba da bakinsu suka ce Sekhmet tana tare da shi a kan dawakinsa, duk wanda ya matso hucin wuta ya ƙone shi. Yaƙin dai canjaras aka yi, amma bango na mai shi ne. Wani abin da ya faru kimanin shekara 50 kafin nan ya fi wannan alfahari nuna dalilin haɗa yaƙi da annoba. Sarkin Hittiyawa Suppiluliuma ya kai hari yankunan Masar a Sham ya kwaso fursunoni, fursunonin suka shigo masa da annoba. Ta kashe shi, ta kashe ɗansa da ya gaje shi, kuma addu'o'in da sarki Mursili na biyu ya bari sun ce ta shekara 20 tana cin ƙasar. Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya ga runduna ta wuce, cuta ta biyo sawunta.

Me ya sa zakanya, ba zaki ba? A garken zakuna mata ne ke yin yawancin farauta, kuma babu abin da ya kai mai 'ya'ya haɗari. A wancan lokaci akwai zakuna a gefen hamadar Masar, suna saukowa neman ruwa. Amenhotep na uku ya sa an rubuta a bayan buzuzun dutse da ya rarraba cewa ya harbe zaki 102 a shekaru goman farko na mulkinsa. A Saƙƙara kuma an tono busasshiyar gawar zaki a 2001, sannan ta 'ya'yan zaki a 2019.

Idan ta huce, ba ta zama Sekhmet mai fara'a. Suna ne ke canzawa. Ta koma Hathor mai kiɗa da rawa, ko Mut, ko Bastet, wadda ita ma da farko zakanya ce kafin siffar kyanwa ta yi rinjaye a kanta. Wani rubutu a haikalin tsibirin Filae, kusa da Aswan, ya faɗi abin kai tsaye, cewa tana fushi a matsayin Sekhmet, tana lumana a matsayin Bastet. Akwai wani labarin ma na idon Ra da ya yi yaji ya tafi Nubiya, kudu da Masar, ya zama zakanya, sai da Thoth, abin bautar hikima, ya bi shi da daɗin baki da tatsuniyoyi ya dawo da shi, aka sanyaya shi a ruwa a bakin iyaka. Maza ma sun mayar da abin habaici, wani mai hikima ya rubuta cewa idan miji yana ƙamshin turare matarsa kyanwa ce, idan ya shiga wahala zakanya ce. Lallashin yana da kayan aikinsa: kaɗa caki, ƙona turare, hadayar agwagin ruwa da barewa, da tafki mai siffar kofaton doki da aka haƙa ya kewaye haikalin Mut a Karnak da ke Luksor don zakanya ta sami wurin shan ruwa. Sai bikin maye, wanda ake yi a ranar 20 ga watan farko na shekara. Tawagar Betsy Bryan ta jami'ar Johns Hopkins ta tono ragowar wata rumfar ginshiƙai ta zamanin sarauniya Hatshepsut a wannan haikali, wadda rubutun jikinta ya kira rumfar maye. Mutane su sha har su faɗi, a tashe su da ganguna. A wajensu wannan ibada ce, kwaikwayon daren da aka tsirar da mutane.

Babu wanda ya kai Amenhotep na uku zurfafa wannan lallashi. Ya yi mulki kimanin shekara 38, daga wajen 1390 kafin miladiyya, a lokacin da Masar take kan ganiyar arziki kuma ba ta da wani babban yaƙi. Duk da haka ya sa aka sassaƙa gumakan Sekhmet da baƙin dutse mai tauri, kowane kusan tsawon mita biyu, wasu a zaune riƙe da alamar rai, wasu a tsaye riƙe da sanda. Masana sun ƙiyasta sun kai 730, wato biyu ga kowace rana ta shekara, kuma da yawansu kowane da laƙabinsa dabam. Masanin nan na Faransa Jean Yoyotte ya fassara su da cewa jerin kirari ne da aka mayar dutse, don karatun ya ci gaba ko da bakin mai yi ya gaji. An jera su a katafaren haikalinsa na yammacin Luksor, wanda manyan gumakan nan biyu na Memnon ke tsaye a ƙofarsa. Wasu masana sun danganta aikin da rashin lafiyar sarkin, domin gawar da ake ɗauka tasa ce ta nuna haƙora da suka ruɓe ƙwarai. Wasu sun ce annoba ce ta shiga ƙasar, wasu kuma shirin bikin cikarsa shekara 30 a kan mulki. Ko wanne ne, lissafin ɗaya ne: kada a bar rana ko ɗaya a buɗe.

Girgizar ƙasa ta rushe haikalin wajen 1200 kafin miladiyya, sarakunan baya suka kwashe duwatsunsa suka yi nasu ginin. Ɗaruruwan gumakan sun ƙare a haikalin Mut, kuma sarakuna irin su Sheshonk na ɗaya, bayan shekara 400, sun sassaƙa sunayensu a jikin wasu. A ƙarni na 19 jakadun Turai da dillalansu suka yi ta lodin su a jirgi, shi ya sa gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan yake da wajen 30, akwai kuma a Faris da Turin da New York. Tun 1998 tawagar Hourig Sourouzian take tono filin haikalin, kuma ta fito da gumakan Sekhmet sama da 200, cikakku da gutsattsari, daga cikin laka. Babban aikinsu shi ne cire gishirin da ruwan ban-ruwan gonakin rake da ke kewaye ya cusa cikin dutsen, kafin a mayar da su inda aka fara jera su.